Kwalliyar babur: a yi ado, amma kada a rufe wa ɓarawo asiri

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Jos, ya ratsa Kwanar Ɗangora ya nufi Tudun Wada da Doguwa, ba zai rasa ganin samari a kan babura masu ƙyalƙyali ba. An cire tankin da babur ya zo da shi daga kamfani an ɗora wani mai zane, an sauya madigadi na gaba da na baya, wani ma har da sunan masoyiya ko na ƙungiyar ƙwallo. Idan Salla ta ƙarato, masu fenti ba sa samun sukuni.

Wannan ba abin zargi ba ne. Bahaushe ya daɗe yana yi wa abin hawansa ado, tun daga sirdi da linzamin doki a hawan Salla har zuwa zane da karin maganar da ake rubutawa a jikin manyan motoci. Ga kuma sana'a da abin ya samar wa masu fenti, masu walda da 'yan tireda da ke sayo kayan gyara daga kasuwar Ƙofar Ruwa. Tun da gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta hana acaba a cikin birnin Kano a watan Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin Sarki Ado Bayero, ƙarfin sana'ar ya koma ƙauyuka da ƙananan garuruwa. A Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa, babur ne ke kai mai naƙuda asibiti, shi ke fito da buhun shinkafa da masara daga gona. Mutumin da ya ƙawata abin da yake ci da shi bai yi laifi ba.

Sai dai akwai abubuwa biyu da bai kamata a kau da kai daga gare su ba.

Na farko shi ne lafiya. Tankin babur ba kwano ba ne. Wanda aka yi da ƙarfe maras kauri yakan yi tsatsa daga ciki, tsatsar ta bi mai ta toshe kafireta, ko kuma ya fara yoyo a wurin ɗinkin walda, daidai saman inji mai zafi. A murfin tanki akwai 'yar ƙofar iska. Idan fenti ya toshe ta, mai ba zai sauko ba, babur ya mutu a tsakiyar titi, wataƙila da tirela a baya. Mafi haɗari shi ne kai wutar walda jikin tsohon tanki. Mutane da yawa suna zaton da an zubar da mai shi ke nan, alhali tururin fetur da ya rage a ciki shi ne ke fashewa. Dole a wanke tankin sosai, a tabbata warin ya fita, kafin wuta ta matso kusa.

Haka madigadi. Ba don ado kamfani ya sa shi ba. Idan aka ɗaura na gaba ya matse taya, laka za ta taru a tsakani lokacin damina, ta riƙe tayar, ta kayar da mutum da fasinjansa. Na baya kuwa a nan fitila da lamba suke zama. Wanda ya yanke shi don gayu ya jefar da abin da zai sa direban mota ya hango shi da dare. Tun bayan cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, kowane ɗigon fetur kuɗi ne, don haka tanki mai yoyo asara ce ko da bai kama wuta ba.

Abu na biyu shi ne tsaro. Aikin da mai gaskiya yake yi don sha'awa shi ne ɓarawo yake yi don ɓad-da-sawu. Babura irin su Boxer kama ɗaya suke, launin tanki da 'yan alamomin jiki ne ke sa mai abu ya gane nasa daga nesa. Da an sauya waɗannan cikin yini guda, sai mutum ya wuce babur ɗinsa a kasuwa bai sani ba. Doguwa tana iyaka da jihohin Kaduna da Bauci, ga dajin Falgore a tsakiya, don haka tsallakar da babur ba wuya. Mun kuma ga yadda a 2021 jihohin Zamfara, Katsina da Kaduna suka taƙaita zirga-zirgar babura saboda 'yan bindiga, talaka mai neman halal ya sha wahalar laifin da ba shi ya yi ba. Ba ma fatan kudancin Kano ya kai ga haka.

Maganin ba hani ba ne, tsari ne, kuma ba ya buƙatar kasafin kuɗi. Ƙungiyoyin kanikawa da masu fenti a kowace ƙaramar hukuma su ɗora wa kansu doka: ba a sauya tanki ko launi sai mai babur ya nuna rasit ko takardun rajista. A ajiye littafi a rubuta suna, lambar waya, lambar inji da lambar shasi. Duk babur ɗin da aka goge lambobinsa, a mayar da shi, a sanar da 'yan sanda ko mai unguwa. Wanda ya taya ɓarawo rufe kaya, ai shi ma ya ci rabonsa.

Mai babur kuma ya ɗauki hoton lambobin nan biyu da wayarsa tun yau, ya adana rasit ɗin sabon tanki, ya je ofishin rajista a gyara launin da ke cikin takardunsa. Su kuma jami'an hanya, na FRSC da 'yan sanda, su duba takarda da lamba, kada fentin tanki ya zama sabuwar hanyar tatsar samari a shingen bincike.

Masu sayen babur na hannu a kasuwannin ƙauye su ma su lura: idan fenti sabo ne, farashi kuma ya yi araha fiye da ƙima, a durƙusa a duba lambar inji kafin a ƙirga kuɗi.