Da Wane Harshe Ake Koyon Karatu a Karkarar Dakoro?

Duk lokacin da aka tayar da zancen taɓarɓarewar makarantun faramare na gwamnati a karkara, azuzuwan zana ne ke fara zuwa bakin mutane. Suna da gaskiya. A ƙauyuka da dama na gundumar Dakoro, cikin jihar Maraɗi, ana buɗe shekarar karatu a watan Oktoba bisa takarda, amma aji ba ya tsayuwa sai an gama girbin hatsi an samu karan da za a kafa rumfa, kuma ruwan farko na damina ke tashinsa. Gobarar da ta halaka yara sama da ashirin a irin waɗannan azuzuwa cikin birnin Maraɗi a watan Nuwamban 2021 ta isa shaida. Sai dai ina ganin ko da an wayi gari kowace rumfa ta koma ginin siminti, yara da yawa za su ci gaba da kammala ajin CM2 ba su iya karanta shafi guda su faɗi abin da ya ƙunsa ba.

Binciken PASEC na 2014 ya nuna cewa a Nijar, cikin yara goma da ke ƙarshen faramare, ko guda cikakke bai kai mizanin da ake buƙata a karatu ba. An samu ci gaba a binciken 2019, amma har a lokacin masu kai wa mizanin ba su wuce kusan kashi ɗaya cikin uku ba. Wannan lissafin ƙasa baki ɗaya ne, har da Yamai a ciki, kuma karkara ce ke bayan birni.

Mu da muke nazarin harshe ya kamata mu dubi abin da ake ɗora wa yaro ɗan shekara bakwai ranar da ya shiga ajin CI. Ana so ya gane cewa zanen da ke kan allo sauti yake wakilta, a kuma lokaci guda ya koyi harshen da bai taɓa ji ba a gida, ko a rijiya, ko a kasuwa. Ga shi rubutun Faransanci ba ya sassauci: sautin da Bahaushe ke rubutawa da harafi guda, o, yakan zo a matsayin o, ko au, ko eau, ban da haruffan ƙarshen kalma da ake rubutawa ba a furtawa. Yaron da ya sha haddar allo a makarantar malam sai ya koma ga dabarar da ya sani, ya haddace darasi ya rera shi tsaf. Malami ya ji daɗi, a ciyar da shi gaba, a CE2 asiri ya tonu.

Maganin ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta Hausa da Faransanci a Damagaram, dokar ilimi ta 1998 ta ba harsunan ƙasa gurbi a koyarwa, cibiyar INDRAP ta tsara littattafai. Rubutun Hausa, duk da ba ya nuna tsayin wasali da karin sauti, harafi da sauti suna tafiya kusan ƙafa da ƙafa, shi ya sa yaro ke saurin kama shi, sannan ya ɗauki wannan ƙwarewa ya shiga Faransanci da ita. Abin mamaki, shekaru hamsin sun shuɗe muna ta gwada abu guda.

Tun da kundin sake gina ƙasa na Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, wasu abokanmu na ganin magana ta ƙare. Ban yarda ba. Mafi yawan malaman karkara ƴan kwantiragi ne, kuma jin Hausa daban, iya rubuta ta bisa ƙa'ida daban. Malamin da ba ya bambanta ƙ da k a rubuce, ko yake haɗe "ya na" da "yana" yadda ya ga dama, zai gadar wa yara ruɗaninsa ne kawai. Akwai kuma karin harshe: yaron da ya tashi yana cewa "hwara" da "yat tahi" zai iske "fara" da "ya tafi" a littafi, kuma in ba a horar da malami ba zai kira maganar iyayensa kuskure. A arewacin gundumar kuwa akwai ƴaƴan Fulani da na Buzaye waɗanda Hausar ma harshe na biyu ce gare su. A tilasta musu ita tun ranar farko maimaita laifin da muke kuka da shi ne.

Akwai iyayen da ke gudun ajin Hausa, suna cewa sun kawo ɗansu ne ya samu Faransancin neman aiki. Bai dace a raina su ba, domin jarrabawa da gasar ɗaukar aiki har yanzu da Faransanci ake yin su. Abin da zai gamsar da su shi ne su ga ɗansu na CP yana karanta musu takardar asibiti.

A nan sassanmu na jami'a ke da bashi. Kundayenmu na digiri sun cika da nazarin ginin kalma, alhali makarantun horar da malamai na jiran ƙananan littattafan karatu masu hawa mataki-mataki, da jerin kalmomin lissafi da aka daidaita, da bayanin karin Gobir da na Adar wanda malamin CI zai iya karantawa a dare guda.