Na Uku Daga Hagu, Layin Baya

Makon jiya wani ya tura tsohon hoton ajinmu a zauren WhatsApp na tsofaffin ɗalibai. Kafin la'asar zaure ya kaure: wannan yanzu kwamishina ne, wancan yana Kanada, wane har ya aurar da 'ya. Can sai wani ya tambaya, "Wai wane ne na uku daga hagu a layin baya?" Aka yi tsit kusan awa guda. Ni kuwa na san shi. Shekara huɗu ina kwana a gadon sama, shi yana na ƙasa.

Siriri ne, ga ɗan karen son lissafi. Ranar da gabza ta ƙi ciyuwa, akwatinsa muke zagayewa, domin ba ya rabo da garin kwaki da ƙuli-ƙulin da mahaifiyarsa ke aiko masa. Injiniya yake so ya zama, har bayan littattafansa duk zanen gada ne.

A bazarar 1996, bayan ƙaramar salla, ya tashi da ciwon kai. Muka ce rana ce ta buge shi. Aka ba shi ƙwaya biyu a ɗakin shan magani, ya dawo ya kwanta. Washegari wuyansa ya sanƙare, ko hasken taga ba ya so. Kafin a samo motar da za ta kai shi asibitin gari, ya daina gane mu. Kwana uku tsakani aka yi masa sutura, yana da shekara 17.

Sai da muka girma muka san girman abin da ya ɗauke shi. Sanƙarau na waccan shekara ya kama mutum fiye da 100,000 a Najeriya, ya kashe sama da 11,000, yawancinsu a Arewa. Shekarar ce Saudiyya ta hana maniyyatanmu zuwa aikin hajji. Mu dai abin da muka sani shi ne ɗakin kwananmu: yara jibge kamar buhunan gero, tagogi an toshe su da kwali tun hunturu, ba wanda ya tuna ya cire. Zafi da ƙura da cunkoso kuwa, nan cutar ke samun wurin zama.

Ajali ba ya wuce lokacinsa, na yarda. Amma wanda ya hukunta ajali shi ne ya umarce mu da neman magani. Tun 2011 allurar MenAfriVac ta shigo ƙasar nan ta karya lagon nau'in A na cutar. A 2017 nau'in C ya ɓarke daga Zamfara ya ci rai fiye da 1,000. A 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta fara amfani da sabuwar allurar da ke ba da kariya daga nau'i biyar a tashi ɗaya, amma a shekarar ma sai da aka rasa ɗalibai a makarantun kwana na Yobe. Wato har yau akwai yaron da ake ce wa rana ce ta buge shi.

Shi ya sa lissafin bikin cikarmu shekara 30 da gama makaranta ya tsaya mini a rai. An ware kuɗin ɗakin taro, kuɗin anko, kuɗin lambar yabo ga waɗanda Allah ya riga ya ɗaukaka. Ban ga layin tagogin ɗakin kwana ba, ban ga na rigakafi ba. Da na yi magana, aka jero mini "Allah ya jiƙansa" har guda ashirin, wasu ma hoton addu'ar kawai suka manna, aka koma kan launin shadda.

Ban fi su ba. Ni ma sai ranar Asabar ɗin nan na nemi gidansu, karo na farko tun zaman makoki. Mahaifiyarsa na nan, ido ya yi rauni. Na durƙusa na ce, "Inna, ni ne na gadon sama." Ɗan fari ne, don haka har yau ba ta kama sunansa, ni ma na ara daga wurinta. Ta daɗe tana dubana, sannan ta kai hannu ta shafa gemuna.

"Ashe da yanzu abokin naka ma ya yi furfura," in ji ta. Ta juya ta ce wa jikarta ta ƙullo mini ƙuli-ƙuli.