A Gyara Mudun Awon Maki A Makarantun Ikkilisiya

Daga tsakiyar watan Yuli zuwa ƙarshensa, da wuya a yi Asabar ɗin da ba a ji ganga da lasifika suna tashi daga harabar wata makarantar ikkilisiya ba. Lokacin bikin raba kyaututtuka ke nan. A kafa rumfuna, fasto ya buɗe da addu'a, zumuntar mata su yi waƙa, a yi ta kiran yara suna karɓar littafi ko faranti ko agogon bango, iyaye kuma su koma gida da takardar sakamako cike da 80 da 90. Ba a fi wata guda da haka ba sai hukumar WAEC ta saki nata sakamakon a watan Agusta, sai ka ji gidaje da dama sun yi tsit. Yarinyar da ta shekara shida ba ta taɓa sauka ƙasa da 75 a Turanci ba, ga ta da D7. Yaron da aka yi wa tafi a matsayin zakaran lissafi, ga shi da F9. To, a cikin takardun nan biyu, wacce ce ta faɗi gaskiya?

Ba mu ce hukumomin jarrabawa ba sa kuskure ba. A shekarar 2025 WAEC ta fara shelar cewa kimanin kashi 38 cikin 100 ne suka sami kiredit biyar har da Turanci da Lissafi, bayan 'yan kwanaki ta dawo ta ce an yi kuskure wajen makin wasu takardu, ta mai da adadin kusan kashi 63. Amma duk da haka mudunta sananne ne, kowa na iya dubawa. A1 daga maki 75 yake farawa, C6 wanda shi ne mafi ƙanƙantar kiredit daga 50 zuwa 54, abin da ya gaza 40 kuwa F9 ne. Mai duba takardar kuma bai san yaron ba, bai san ubansa ba, bai san ko an gama biyan kuɗin makaranta ba. Mudun da ba a san girmansa ba shi ne wanda muke awo da shi a cikin gida.

Kakanninmu ba su san wannan matsala ba a irin wannan kama. Makarantun da mishan suka kafa a Wusasa da Gindiri da Waka ta ƙasar Biu sun yi suna ne saboda takardarsu ba ta ƙarya. Wanda ya faɗi ya faɗi, ko ɗan wane ne, ya maimaita aji. Ba wai malaman wancan zamani mala'iku ba ne. Akwai sufeton ilmi da ke zagayawa, tallafin da gwamnati ke bai wa makarantun mishan kuma ya dangana ga abin da sufeto ya gani. A shekarun 1970 gwamnatocin jihohi suka karɓe makarantun, St. John's ta Kaduna ta zama Kwalejin Rimi, Queen of Apostles ta zama Kwalejin Sarauniya Amina, St. Paul's ta Wusasa ta zama Kwalejin Kufena. Da makarantun gwamnati suka soma lalacewa, ikkilisiyoyi suka sake buɗe nasu, amma a wannan karon babu tallafi. Da kuɗin iyaye ake biyan malamai, da shi ake sayen alli, a wasu wurare har da shi ake rufin majami'a. A nan gizo ke saƙa.

Makarantar da ke rayuwa da kuɗin iyaye tana tsoron ɓacin ransu. Idan aka ce ɗan wani ya maimaita aji, kashegari uban zai ɗauke shi ya kai makarantar da ke bayan layi, inda za a karɓe shi a aji na gaba ba tare da an tambayi komai ba, ya kuma kwashe ƙannensa uku ya tafi da su. Shugaban makaranta ya san wannan. Saboda haka sai a kira malamai taro a ce musu, cikin lallashi, kada a ga jan biro a takardar kowa. Malamin da albashinsa bai kai ƙarshen wata ba, wanda kuma ba shi da wata takardar ɗaukar aiki da za ta kāre shi, da wane ƙarfi zai ce a'a?

Ƙofar da aka fi bi ita ce makin gwajin cikin zango. Tun da aka shigo da tsarin 6-3-3-4 a farkon shekarun 1980 aka ce kada a rataya makomar yaro a kan jarrabawar yini ɗaya, a riƙa tara makinsa tun daga farkon zango. Manufa ce mai kyau. A yawancin makarantu wannan kaso maki 30 ne ko 40 cikin 100. To, ga yaro ya ci 15 cikin 60 a jarrabawa, wato kashi ɗaya bisa huɗu na abin da aka koya masa. Sai a cika masa gurbin gwaji da 38 cikin 40, wai saboda littafinsa tsaf yake, ko don ya kawo tsintsiya da sabulu. Jimla 53, ya haye. Babu wanda ya saci amsa, babu wanda ya karɓi ko kwabo, amma an yi wa iyayen yaron ƙarya da tawada.

Akwai kuma abin da ya fi wannan ciwo, wanda sai a makarantar ikkilisiya ake samun irinsa. Malamin aji ɗan ƙungiyar mawaƙa ne, uban yaron kuwa dattijon ikkilisiya ne, ko ma'aji, ko wanda ya ba da buhunan siminti lokacin gini. Ran Lahadi za su haɗu a ƙofar majami'a. Ba sai an roƙi malamin ba, shi da kansa zai ƙara maki biyar don a zauna lafiya, maki biyar ɗin nan kuwa su ne za su sauko da ɗiyar gwauruwa daga ta ɗaya zuwa ta uku. Yara ba wawaye ba ne, sun san wanda ke ba su amsa a aji, sun kuma ga wanda aka kira ya hau dandamali. Mu da muke koyar da ajin baftisma muna karanta musu sura ta biyu ta wasiƙar Yakubu a kan nuna bambanci tsakanin mai kuɗi da talaka, muna karanta musu yadda annabi Amos ya tsauta wa 'yan kasuwa masu ha'inci a wajen awo. Darasin da suka gani a ranar bikin ya fi wanda suka ji daga bakinmu shiga.

Yaron da aka yi ta turawa gaba haka, idan ya isa aji shida na sakandare ba ya iya rubuta wasiƙa, me ya rage? Sai a nemi inda za a yi masa rajista a makarantun nan da ake yi wa laƙabi da cibiyoyin mu'ujiza, inda ake rubuta amsa a allo. Abin kunya ne a ce kalmar da muke faɗa a kan bagadi ita aka ara aka sa wa wannan sana'a. Dokar hana maguɗin jarrabawa ta 1999 ta tanadi tara da ɗauri, amma maguɗin ba a zauren WAEC ko NECO ya fara ba. Ya fara tun ranar da aka ɗauke yaro daga aji huɗu na firamare aka jefa shi sakandare don iyaye su yi alfahari.

Game da kyaututtuka kuwa, mun faɗa rami biyu. Wasu makarantun kowa sai ya sami kyauta, domin an riga an karɓi kuɗinta a cikin kuɗin biki, har ɗan shekara huɗu a sa masa riga da hular kammala jami'a. Abin ya kai gwamnatin Jihar Imo ta hana irin wannan biki ga 'yan naziri a 2025. Wasu kuma na ɗaya da na biyu da na uku kaɗai suka sani. Yaron da ya zo daga ƙauye ko daga sansanin gudun hijira ba ya jin Turanci, ya tashi daga 25 zuwa 55 da guminsa, babu mai ambatar sunansa. A misalin talanti na Matiyu sura 25, wanda aka bai wa biyu ya mai da su huɗu yabo ɗaya ya samu da wanda aka bai wa biyar. Ya kamata a ce kowane aji yana da kyautar wanda ya fi ci gaba, a kira ta da murya ɗaya da ta zakaran aji. Halin kirki da zuwa sujada su ma a yaba su, amma a gurbinsu daban. Kada a zuba su cikin makin Kimiyya.

Gyaran ba ya bukatar kuɗi mai yawa. Muna kira ga kwamitocin ilmi na dayosis da gundumomin ikkilisiya su sa makarantunsu su riƙa yin jarrabawar ƙarshen shekara iri ɗaya, su kuma yi musayar takardu, malaman wannan gari su duba na wancan, da lamba a maimakon suna. A mayar wa yara takardun amsarsu bayan an duba, domin uban da ya ga 80 ya ga abin da aka rubuta aka sami 80 ɗin. Makarantun ikkilisiya na gari ɗaya su yi alkawari tsakaninsu cewa ba za su karɓi yaro a aji na gaba ba sai da takardar makarantar da ya baro. Sa'an nan a biya malamai a kan kari, a kuma ba su tabbacin cewa ba za a kori mutum don ya rubuta 35 a inda 35 ya dace ba.

Iyaye ma suna da nasu. Uban da ɗansa ya kawo 45 na gaskiya, ya je ya gode wa malamin, ya tambayi inda yaron ke tuntuɓe. Maimaita aji a firamare kuɗin shekara guda ne. Faɗuwa a WAEC kuwa sai a yi ta biyan rajista shekara bayan shekara.

Kafin a buɗe sabon zango a watan Satumba, muna so kowace majalisar ikkilisiya mai makarantar sakandare ta bukaci shugaban makarantar ya kawo mata takardu biyu: makin da ɗaliban da suka fita bana suka samu a aji biyar, da abin da WAEC da NECO suka ba su, suna bayan suna, darasi bayan darasi. A karanta su a zaman majalisa, shugaban makaranta da wakilan iyaye suna zaune.