MUJALLAR DA TA DAƊE TANA RUBUTA LABARINMU

Akwai wata mujalla da a ke bugawa a Ingila sau huɗu a shekara, sunanta African Affairs, watau Al'amuran Afirka. Mun ga ya kamata malaman makaranta da akawuna su san ta, gama maganarmu a ke yi a ciki.

Asalinta kuwa shi ne, wata Baturiya mai suna Mary Kingsley, wadda ta yi yawo ƙwarai a Afirka ta Yamma, ta rasu a Afirka ta Kudu cikin 1900. Don tunawa da ita aka kafa wata ƙungiya a Landan cikin 1901, ƙungiyar kuwa ta soma buga mujalla. Sai cikin 1944 aka sa mata sunan da ta ke da shi yau.

Da fari yawancin masu rubutu cikinta Razdan-Razdan ne da Joji-Joji da 'yan mishan da 'yan kasuwa. A nan ne Mista Palmer, wanda ya riƙe lardunan Arewa daga 1925 zuwa 1930, ya soma buga fassarar Tanbihul Ikhwan na Shehu Usmanu ɗan Fodiyo cikin 1914. Da ƙasashen Afirka suka sami mulkin kai, sai alƙalamin ya koma hannun malaman jami'a. Yanzu siyasa da tattalin arziki da hulɗar ƙasashe su ne babban abin da ta sa gaba, kuma ba a buga binciken mutum sai masana sun tace shi.

To, ina ruwanmu? Abin da aka rubuta a irin wannan mujalla shi ɗalibai da ma'aikatan gwamnatocin waje ke karantawa su san mu. In an yi kuskure muka yi shiru, kuskuren ya zauna ke nan. Mai ɗaki kuwa shi ya san inda ya ke masa yoyo.

Saboda haka muna roƙon akawu ya adana littattafan haraji da na shari'a, kada ya bar wa gara, don su ne hujjar mai bincike gobe. Malami kuma ya nemi mujallar a ɗakin karatu, ya ga yadda a ke kafa magana da hujja, sa'an nan ya zauna ya rubuta tarihin sarautar garinsu tun dattawan da suka sani suna da rai.