Kafin a Cire Firam ɗin Ƙofa, a Fitar da Yara

Idan aka girbe shinkafa a fadamun Argungu da kewayen Birnin Kebbi, kuɗi ya ɗan shiga hannu, magidanta da yawa kan waiwayi gyaran gida. Wani gara ce ta cinye masa firam ɗin ƙofar ɗaka, wani danshin damina ne ya kumbura katakon har ƙofa ta daina rufuwa. Akwai kuma wanda mahaifinsa ya kamu da shanyewar ɓarin jiki, keken marasa lafiya ya ƙi shiga ƙofar ɗaki ko ta banɗaki, dole a faɗaɗa. Duk waɗannan dalilai ne masu kyau, musamman na ƙarshe, domin ƙofar da faɗinta ya kai santimita 80 zuwa 90 tana raba mai jinya da ɗaukar majinyaci a baya kullum.

Abin da nake so in ja hankalinka a kai, mai karatu, shi ne ƙurar da wannan aikin yake tayarwa. A ganina, duk gidan da za a fasa bango a ciro tsohon firam mai fentin mai, bai kamata a bar ƙaramin yaro ko mace mai juna biyu a cikinsa ba sai an gama an goge.

Kwanakin baya wani magidanci ya zo ɗakin magani da takardar likita, ƙusa ta huda masa tafin ƙafa wajen cire firam. Ina haɗa masa magani yana ba ni labarin yadda yaransa suka wuni suna wasa da ɓaraguzan, uwargida kuma ta riga ta faskara tsohon katakon ta dafa tuwon dare da shi. Shi ƙafarsa ce ta dame shi. Ni kuwa yaran nan da hayaƙin murhun ne suka tsaya mini a rai.

Dalili shi ne dalma. Shekaru da dama ana zuba ta a fentin mai domin launi ya fito kuma ya bushe da wuri, haka ma wasu nau'o'in jan fentin da ake shafa wa ƙarfe don hana tsatsa. Amurka ta haramta ta a fentin gidaje tun 1978, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma tana kira ga ƙasashe da kada ta wuce kashi 90 cikin miliyan. Amma gwaje-gwajen da aka yi wa fentin mai na kasuwannin Najeriya sun sha gano ta fiye da wannan adadi nesa ba kusa ba. Firam ɗin ƙofa kuwa shi ne wurin da aka fi maimaita wa fentin mai, wani kan wani, duk sallah ko biki. Muddin fentin yana zaune lafiya, haɗarinsa kaɗan ne. Da zarar an sa masa guduma, ko sanfefa, ko injin yanka ƙarfe, sai ya zama gari mai laushi ya kwanta a kan tabarma, kwanuka da ƙasan da yaro yake rarrafe.

Mu mutanen Kebbi ba baƙin labarin gubar dalma ba ne. A 2010, a maƙwabciyarmu Zamfara, yara kusan 400 suka rasu a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, saboda ana niƙa duwatsun zinariya a cikin gidaje. Ƙurar fenti ba ta kai wancan yawa ba, kuma ba na son in tsorata ka fiye da kima. Amma hanyar shigarta jiki ɗaya ce: daga ƙasa zuwa hannu, daga hannu zuwa baki. Jikin ƙaramin yaro yana tsotse dalma ninki 4 zuwa 5 na abin da jikin babba yake tsotsewa, kuma babu wani adadi nata a jini da aka tabbatar ba ya cutarwa. Yaron da yake fama da ƙarancin jini ko rashin abinci mai gina jiki ya fi kowa ɗaukarta. Ga mai ciki kuma, dalma tana ratsa mahaifa ta isa ga ɗan tayi.

Mugun halinta shi ne ba ta cika nuna alama ba. Wani yaron zai yi ta ciwon ciki, bayan gida ya yi masa tauri, ya daina cin abinci, ya yawaita rigima. Wani ba za a ga komai ba sai ya shiga makaranta karatu ya yi masa nauyi, a yi ta dukansa ana cewa daƙiƙi ne. Illar da ta yi wa ƙwaƙwalwa ba ta gyaruwa. Madara ba ta wanke ta, maganin ƙarin jini ma haka. Maganin da yake fitar da ita, irin DMSA da aka ba yaran Zamfara, sai bayan gwajin jini ake bayarwa, a ƙarƙashin kulawar likita.

Na san abin da za ka ce: kakanninmu sun yi gyaran gida ba su fitar da kowa ba, kuma aikin rabin yini ne. Gaskiya ne, amma ɗakin kakanninmu na ƙasa ne da azara, ba su san fentin mai ba. Aikin rabin yini ne, ƙurar kuwa tana iya yin watanni a ɗaki idan ba a goge ta ba. Rigakafin kuma bai fi kuɗin ruwa da leda ba.

Ga abin da nake ba da shawara. A kai yara da mai ciki gidan dangi ko maƙwabta. A kwashe abinci, kwanuka, randa da shimfiɗa, a rufe ƙofofin sauran ɗakuna, a shimfiɗa leda a ƙasa. Mai aiki ya jiƙa firam da gefen bangon kafin ya sa guduma, ya ciro shi gaba ɗaya gwargwadon iko, kada ya kankare fentin a bushe ko ya ƙona shi. Ya sa takunkumi mai tace ƙura, tabarau da takalmi mai kaurin tafi. Idan faɗaɗa ƙofar za a yi, a bari magini ya duba linta tukuna, kada bango ya rufto. Bayan an gama, a naɗe ledar da ɓaraguzan a fitar, a goge ƙasa da jiƙaƙƙen tsumma sau biyu ko uku, domin tsintsiya tayar da ƙurar kawai take yi. Mai aikin ya yi wanka ya sauya tufafi kafin ya ɗauki yaro. Tsohon katakon kuma kada ya shiga murhu: hayaƙinsa da tokarsa duk suna ɗauke da abin da ke cikin fentin, ga kuma maganin gara ko baƙin man da aka taɓa shafa masa.

Idan ƙusa ta huda wani, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa, kada a zuba fetur, toka ko ƙasa, a tafi asibiti a ranar. Ba tsatsa ce take kawo ciwon sarƙewar haƙora ba, ƙwayoyin cutar suna zaune ne a ƙasa da kashin dabbobi, kuma suna son rauni mai zurfi. Alamunsa kan bayyana tsakanin kwana 3 zuwa 21. A gaya wa likita ranar da aka yi allurar rigakafi ta ƙarshe, domin idan ta wuce shekara 5 ana buƙatar ƙari.

Idan kuma an riga an yi aikin da yara a gida, kada ka zauna da zullumi. Ka sa a goge gidan yau, a riƙa wanke musu hannu kafin cin abinci. In ka ga alamun da na ambata, ka kai yaron Asibitin Tunawa da Sir Yahaya a Birnin Kebbi ko Babban Asibitin Argungu, ka faɗa wa likita a fili cewa an fasa tsohon fenti a gidan, domin ya san inda zai duba. Allah Ya ƙara mana lafiya.