Mutanen Ailan Suna Barin Coci, Ina Suka Dosa?

Duk wanda ya yi karatu ko aikin koyarwa a Kaduna, ko Jos, ko Kano, ko Yola, da wuya a ce bai taɓa gamuwa da wani Fada ko wata Sista daga ƙasar Ailan ba. Su ne suka riƙe Kwalejin St. John ta Kaduna, wadda a ke kira Kwalejin Rimi yanzu. Sistocin St. Louis da suka iso Kano cikin 1948 daga can suka fito. Babban Bishop na farko a Kaduna, John McCarthy, wanda aka naɗa cikin 1959, shi ma ɗan Ailan ne. A wancan zamani in an ce Ailan, to, an ce Katolika.

Yau al'amari ya juya. Ƙasar da ta ke aiko da limaman coci zuwa Afirka ita ce ta rasa masu isarta, har ana ɗauko waɗansu daga Nijeriya da Indiya su je su riƙe mata coci-coci. Ganin haka ya sa waɗansu ke cewa ai gurbin da Coci ya bari Musulunci ne zai cike shi. Ya kamata mu auna wannan magana da hankali, kada mu yi wa rogo kallon kitse.

Abin da Ƙidaya Ta Nuna

Ailan tsibiri ne yamma da Ingila. Larduna shida na arewacinsa suna ƙarƙashin Biritaniya har yanzu. Sauran larduna ashirin da shida su ne Jamhuriyar Ailan, mai babban birni a Dablin, a kanta kuwa za mu yi magana.

A ƙidayar 1961, kusan mutum 95 cikin kowane 100 sun ce su 'yan Katolika ne. A 2011 suka koma 84, a 2022 kuwa suka sauko zuwa 69. A wannan ƙidaya ta 2022 an sami mutum 5,149,139 a ƙasar. Daga cikinsu 736,210 suka ce ba su da addini, watau mutum 14 cikin 100. Musulmi kuwa, waɗanda ba su kai 4,000 ba a 1991, sun kai 63,443 a 2016, suka kai 81,930 a 2022.

Lalle Musulmi sun ƙaru ƙwarai, amma mai aikin lissafi ya dubi wannan. Tsakanin 2016 da 2022 an sami ƙarin Musulmi wajen 18,500. A cikin waɗannan shekaru shida ɗin, marasa addini sun ƙaru da fiye da 250,000. Har yanzu Musulmi ba su kai mutum biyu cikin ɗari ba, Kiristoci 'yan Otodoks ma, waɗanda yawancinsu baƙi ne daga gabashin Turai, sun fi su yawa. Ashe ke nan wanda ya fita daga coci, galibi gida ya ke komawa ya zauna.

Yadda Coci Ya Sami Ƙarfi

Kafin a gane dalilin faɗuwar, sai an san dalilin hawan. Shekaru ɗaruruwa Turawan Ingila, waɗanda su Furotestan ne, suna mulkin Ailan. Suka kafa dokoki na danne 'yan Katolika, aka hana su riƙe muƙamai, aka ƙuntata musu wajen mallakar ƙasa da buɗe makarantu. Sai a 1829 Daniel O'Connell ya samo musu ikon shiga Majalisar Dokoki. Saboda haka talakan Ailan ya ɗauki addininsa da ƙasarsa abu guda, ya ga Fada shi ne ya tsaya tare da shi lokacin wuya.

Da aka sami mulkin kai a 1922, sabuwar Gwamnati ba ta da kuɗi, Coci kuwa yana da makarantu da asibitoci da gidajen marayu, ga ma'aikata masu aiki kusan kyauta. Sai aka sakar masa ragama. Tsarin Mulkin 1937 ya ba Cocin Katolika matsayi na musamman, ya kuma haramta sakin aure. A 1951 Ministan Lafiya, Dokta Noel Browne, ya kawo shirin kula da uwa da jariri kyauta, bishop-bishop suka ƙi, tilas ya ajiye aiki. Har cikin shekarun 1970, wajen mutum tara cikin goma na 'yan Katolika ba sa fashin coci ran Lahadi. Sa'ad da Paparoma John Paul na Biyu ya ziyarci ƙasar a 1979, fiye da mutum miliyan ɗaya suka taru a filin Phoenix na Dablin, alhali jama'ar ƙasar duka ba su kai miliyan uku da rabi ba.

Abin da Ya Tsaga Bango

Masu iya magana sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Abu biyu suka tsaga wannan bango.

Na farko shi ne canjin zaman duniya. An buɗe gidan telebijin na ƙasar a ƙarshen 1961. Aka mai da karatun sakandare kyauta a 1967. Ƙasar ta shiga Kasuwar Tarayyar Turai a 1973, daga shekarun 1990 kuma arziki ya bunƙasa, kamfanonin Amurka suka cika ta. Yaron ƙauye da a dā ba shi da hanyar ci gaba sai ya zama Fada ko ya yi ƙaura, yanzu ya sami hanyoyi goma. Makarantun horar da limaman coci na Carlow da Kilkenny da Waterford da Thurles suka daina wannan aiki ɗaya bayan ɗaya, ta Maynooth, wadda aka kafa a 1795, ita ce babbar da ta rage.

Na biyu, wanda ya fi muni, shi ne cin amana. A 1992 aka gano Bishop Eamonn Casey yana da ɗa a ɓoye. A 1994 shari'ar wani Fada, Brendan Smyth, wanda ya daɗe yana lalata yara, ta yi sanadin faɗuwar Gwamnati. A 2009 aka fid da rahoton Ryan da rahoton Murphy, suka nuna irin azaba da lalata da aka yi wa yara a makarantun horo da cikin coci-cocin Dablin, da kuma yadda manya suka sani suka rufe, suna ta mai da mai laifi daga wannan gari zuwa wancan don kare sunan Coci. Akwai kuma gidajen wanki da a ke kira Magdalene, inda a ke tsare 'yan mata ana sa su aiki ba lada, na ƙarshensu sai a 1996 aka rufe shi. A garin Tuam wata mai binciken tarihi, Catherine Corless, ta tattara takardun mutuwar yara 796 waɗanda ba a sami shaidar inda aka binne su ba. Rahoton hukumar bincike na 2021 ya ce yara wajen 9,000 suka mutu a gidajen da a ke kai matan da suka yi ciki ba aure.

Ramin ƙarya ƙurarre ne. A 2011 Firayim Minista Enda Kenny, wanda shi kansa ɗan Katolika ne mai zuwa coci, ya tashi a Majalisa ya zargi fadar Paparoma a fili. Jama'a kuwa suka ba da amsarsu ta hanyar ƙuri'ar raba gardama. Tun 1972 sun cire matsayin musamman na Coci. A 1995 suka halatta sakin aure da ratar ƙuri'a wajen 9,000 kacal. A 2015 kashi 62 cikin 100 suka yarda da auren jinsi ɗaya, a 2018 kashi 66 suka yarda a soke haramcin zub da ciki, a cikin shekarar kuma suka cire laifin saɓo daga Tsarin Mulki. Da Paparoma Francis ya zo filin Phoenix a 2018, waɗanda suka taru ba su kai 200,000 ba.

Musulmin Ailan

Tarihin Musulmi a ƙasar gajere ne. Ɗalibai ne, da yawansu masu koyon likita daga Afirka ta Kudu, suka kafa ƙungiyar Musulmi ta farko a Dablin a 1959. Masallacin farko ya samu a 1976. A 1983 aka koma wani gini a titin South Circular, wanda a dā cocin Furotestan ne. A 1987 aka gina masallaci a ƙaramin garin Ballyhaunis na Lardin Mayo, domin ma'aikatan wata masana'antar naman halal. Babbar cibiyar Clonskeagh a Dablin, wadda gidan sarautar Maktum na Dubai ya gina, an buɗe ta a 1996. A 1992 mutanen Lardin Clare suka zaɓi Dokta Moosajee Bhamjee, Musulmi na farko da ya shiga Majalisar Dokokin ƙasar.

Yawancin Musulmin nan baƙi ne da 'ya'yansu: likitoci daga Pakistan da Sudan, ɗalibai, 'yan kasuwa, da masu gudun hijira daga Bosniya da Somaliya da Siriya, har da 'yan Nijeriya. 'Yan asalin ƙasar da suka musulunta kaɗan ne. Wadda aka fi sani ita ce mawaƙiya Sinéad O'Connor, wadda ta yaga hoton Paparoma a telebijin a 1992 don nuna fushi kan lalata yara, ta musulunta a 2018, ta rasu a 2023. Labarinta ya zaga duniya, amma labarin mutum ɗaya ne.

Abin da Ke Taimako da Abin da Ke Hanawa

Akwai abubuwan da suka sa zama a Ailan ya yi wa Musulmi sauƙi. Tsarin Mulki ya tabbatar da 'yancin addini. Mutanen ƙasar sun san ɗacin a danne mutum saboda addininsa, sun kuma san baƙunci, domin yunwar da ta soma a 1845 ta kashe musu wajen mutum miliyan ɗaya, ta kori wani miliyan. Har gobe suna tuna fam 1,000 da Sarkin Musulmi na Santambul, Abdulmajid, ya aiko musu a 1847. A 2020 aka ba Musulmi filin wasa na Croke, wanda 'yan ƙasar ke darajantawa ƙwarai, suka yi Sallar Layya, Babban Bishop na Dablin ya halarta. A 2024 Gwamnatin Ailan ta amince da ƙasar Falasɗinu.

Amma karɓar baƙo daban, bin addinin baƙo daban. Wanda ya bar Coci saboda ba ya son wani malamin addini ya faɗa masa yadda zai yi aure ko yadda zai tafi da iyalinsa, da wuya ya nufi addinin da ya fi Katolika tsare waɗannan iyakoki. A kan auren jinsi ɗaya da tarbiyyar 'ya'ya, liman ya fi kusa da bishop bisa ga mai jefa ƙuri'ar 2015. Har wa yau, da yawa daga waɗanda suka daina zuwa coci ba su yar da sunan Katolika ba, can su ke kai jariri a yi masa baftisma, can a ke yi musu jana'iza. Ga kuma ƙarancin gidaje da ya sa waɗansu suka fara ƙyamar baƙi, kamar yadda tarzomar Dablin ta Nuwamba 2023 ta nuna. Su kansu Musulmin ba su zama tsintsiya maɗaurinki ɗaya ba, kowace ƙabila da masallacinta, har rikicin shugabanci ya kai ga rufe cibiyar Clonskeagh a Afrilu 2025.

Ga wani abu da malaman makaranta za su fi kowa ganewa. Kusan tara cikin goma na makarantun firamare na Ailan suna hannun Cocin Katolika, Gwamnati ke biyan malamai. Ta wannan ƙofa ce Musulmi suka sami tasu makarantar firamare a Dablin a 1990, wadda ita ma Gwamnati ke ɗaukar nauyinta. Iyaye Musulmi da yawa kuma sun fi son makarantun Katolika, musamman waɗanda suka raba maza da mata. To, masu neman a fid da addini daga makarantu, in sun ci nasara, ba za su tsaya kan makarantar Fada kaɗai ba. Iskar da ta kwashe rufin coci ita ce ke kaɗawa a kan masallaci. Yaron Musulmi da aka haifa a Dablin aji ɗaya ya ke zama da jikan wanda ya bar coci, wayar hannu iri ɗaya su ke riƙe.

Abin da Mu Ke Gani

Bisa ga waɗannan dalilai, Musulmi za su ci gaba da ƙaruwa a Ailan ta hanyar haihuwa da zuwan baƙi, su zama jama'a 'yar kaɗan mai mutunci, mai likitoci da malamai da 'yan majalisa. Babu wata alama a ƙidaya da ta nuna 'yan ƙasar za su shiga Musulunci tururuwa. Babban aikin da ke gaban Musulmin can shi ne riƙe 'ya'yansu, da samun limamai haifaffun ƙasar masu jin harshen yaran da halinsu, da tsare dukiyar masallatai a fili yadda kowa zai ga lissafi.

Sa'an nan akwai abin lura ga kowa, Musulmi da Kirista. Dokokin Turawan Ingila na shekaru ɗaruruwa sun kāsa raba mutanen Ailan da Cocinsu. Abin da ya raba su cikin shekara talatin shi ne ganin waɗanda aka ba amanar yara da marayu sun ci amana, shugabanni kuma sun zaɓi rufa wa juna asiri. Duk wanda aka damƙa wa 'ya'yan mutane, a makarantar Gwamnati ne, ko ta Mishan, ko ta allo, ya kamata ya karanta labarin nan sau biyu. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Allah ya ba mu ikon riƙon amana, amin.