Buƙatar jirgin ƙasa na fasinja tsakanin Gusau, Tsafe da Bungudu

Buƙatar jirgin ƙasa na fasinja a kewayen Gusau na nufin yawan mutanen da za su zaɓi shiga jirgi maimakon mota domin zuwa babban birnin Jihar Zamfara daga garuruwan da ke kusa da shi. Batun ya ƙara jan hankali bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, wanda ya sa kuɗin mota ya tashi sosai.

Tarihi

Turawan mulkin mallaka ne suka shimfiɗa layin dogo daga Zariya, ya bi ta Funtuwa da Tsafe da Gusau, ya tuƙe a Kaura Namoda a shekarar 1929. An gina shi ne musamman domin kwasar gyaɗa da auduga zuwa bakin teku, kuma shi ya taimaka wajen mayar da Gusau cibiyar kasuwanci. Layin ƙaramin dogo ne mai faɗin milimita 1,067, yana ƙarƙashin Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya wadda aka kafa a 1955. An daɗe rabon da jirgin fasinja ya riƙa bin sa a kai a kai.

Masu buƙatar jirgin

A ƙidayar 2006, ƙaramar hukumar Gusau tana da mutane sama da 380,000, Tsafe sama da 260,000, Bungudu kuwa sama da 250,000. Tun da aka ƙirƙiro jihar a 1996, ma'aikatun gwamnati da manyan asibitoci suka taru a Gusau, sannan aka kafa Jami'ar Tarayya ta Gusau a 2013. Wannan ya samar da matafiya iri uku: ma'aikata da ɗalibai masu zuwa kullum, 'yan kasuwa da manoma masu bin ranakun kasuwa da kaya, sai masu zuwa asibiti ko zumunci jefi-jefi.

Jirgin kewayen birni yana rayuwa ne da rukunin farko, domin su ke cika taragu safe da yamma. Haka abin yake a Legas, inda layin Blue Line ya fara ɗaukar fasinja a watan Satumban 2023 a kan hanyar da cunkoson motoci ke cinye wa mutane lokaci. Gusau ba ta da irin wannan cunkoso, kuma tattalin arzikin kewayenta noma ne. Saboda haka jirgin da ya fi dacewa da yankin shi ne mai haɗa fasinja da kaya, wanda zai tashi sau kaɗan a rana amma a kan lokaci.

Bambancin Tsafe da Bungudu

Tsafe tana kan tsohon layin, kuma tazararta da Gusau ta kai wadda sauƙin kuɗin jirgi zai yi wa matafiyi tasiri. Garin Bungudu kuwa yana kan titin Gusau zuwa Sakkwato, ya fi kusa da birnin, kuma dogon bai ratsa ta cikinsa ba. Kai jirgi can yana buƙatar sabon reshe, alhali a gajeriyar tafiya motar haya da babur sun fi jirgi sauri, tunda suna sauke mutum kusa da inda za shi. Ke nan gyaran layin Tsafe zuwa Gusau zuwa Kaura Namoda ya fi kusa da yiwuwa.

Matsalar tsaro

Hare-haren 'yan bindiga da garkuwa da mutane a kan hanyar Gusau zuwa Funtuwa na cikin dalilan da za su iya kai matafiya ga jirgi, kamar yadda ya faru tsakanin Abuja da Kaduna. Sai dai harin da aka kai wa jirgin Kaduna a ranar 28 ga Maris 2022 ya dakatar da zirga-zirga har watan Disamba na shekarar. Dogon da ya ratsa daji yana buƙatar gadi a tsawonsa, kuma wannan kuɗi ne da farashin tikiti shi kaɗai ba zai iya ɗauka ba.

Halin da ake ciki

Gyaran tsarin mulki na watan Maris 2023 ya bai wa jihohi ikon gina layin dogo da gudanar da shi, don haka gwamnatin Zamfara na iya shiga harkar. Sabon layin Kano zuwa Maraɗi da aka ƙaddamar a 2021 bai bi ta jihar ba, kuma faɗinsa ya bambanta da na tsohon dogon, don haka jirgi ɗaya ba zai iya bin su duka ba. Kafin a kashe kuɗi, matakin farko shi ne ƙidayar fasinja a tashoshin mota na garuruwan uku: mutum nawa ke tafiya, da wane lokaci, da wane kaya, kuma nawa suke biya.